Yadda Muka Nemi Ɗan Gwaggo a Cikin Fim

Ni fa ba wanda ya koya mani kwamfuta, wannan nake so a fara sani. Wata tsohuwar laftof na samu, rabin madannanta ba su aiki, fankarta na kuka kamar injin markaɗe, na zauna na yi ta latse-latse har ta gaji ta fara yi mani biyayya. Da ita na kafa teburina a Magama, nan bakin boda, inda motoci ke jeruwa kafin su tsallaka Nijar. Caji nake yi da turi. Turi kuwa, in ba ka sani ba, shi ne ka miƙo wayarka ko memori, in zuba maka fina-finai, ka biya, ka kama gabanka. Direban da zai yini yana jiran a duba takardunsa, me zai yi in ba kallo ba?

Inda nake samo su ba wani asiri ba ne. Fim ya fito da safe, kafin azahar wani ya kwafo shi ya watsa a guruf, ni kuma in sauke. Da layin Nijar nake saukewa, don a rumfarmu sabis ɗin can ya fi namu ƙarfi nesa ba kusa ba. Namu sai ka ɗaga waya sama kana juyi kamar mai duban watan Sallah.

Amma abin da na fi alfahari da shi, tambarina. Bari in gaya maka yadda aka yi. Zan sha wahala in sauke fim, in matse shi ya zama ƙarami yadda zai shiga kowace irin waya, in datse rubuce-rubucen farko da na ƙarshe da ba wanda ke karantawa. Sai wani mai turin ya aiko a saya sau ɗaya, ya kwafe, ya riƙa sayarwa kamar shi ya yi aikin. Abin ya yi ta cina. Wahalata ce fa! Sai na ɗauki sati biyu cur ina koyon yadda ake ɗora tambari. Ba ɗan ƙaramin nan da ake maƙalawa a gefe ba. Nawa allo ne kore shar, yana tasowa daga ƙasa ya rufe rabin hoton, sautin fim ɗin ya ɗauke ɗif, sai ka ji muryata har da amsa-kuwwa: "Turi mai inganci! Teburin bakin boda, kusa da mai abinci!" Duk bayan minti ashirin yake fitowa da kansa. Ranar da na ga ya fara aiki, sai da na tashi na zagaya teburin sau biyu.

Mai abincin da ke cikin tallar nan Gwaggona ce, yayar babana. Ita ta ba ni gefen rumfarta, kuma a wurinta nake cin na rana, shinkafa da miya da nama yanka biyu. Ɗanta namiji guda ne, taubashina, ya ɗan girme ni. Shekara uku ke nan da ya tafi Kano wai zai zama ɗan fim. Labarin da ke iso mu dai, fitila yake riƙe masu. Duk sadda ya kira sai na tambaye shi ko an ƙara mashi girma ya koma riƙe lema.

Wata rana da hantsi ya kira Gwaggo. Ta miƙo mani wayar in buɗe murya, don ita in ɗanta ya kira, sai duk rumfa ta ji.

"Inna, an sa ni," in ji shi. "Na fito a fim. Har da magana."

Gwaggo ta saki ludayi cikin miya ta rangaɗa guɗa. Wani kwastan da ke cin abinci sai da ya ƙware.

"Amma Inna, abu ɗaya nake roƙo. A manhajarsu za su sake shi, ta waya, biya ake yi a kalla. Kar ki kalli na sata. Mai fim ɗin gonarsa ya sayar ya yi shi. In bai mayar da kuɗinsa ba, ba wanda zai sake kiranmu."

"Na yi maka alkawari, ɗan nan. Idona ba zai ga na sata ba."

"To ba ni wancan ɓarawon."

Na ce, "Ina jin ka, mai fitila."

"Kai mai turi, wannan ɗaya kar ka tura shi."

"Haba, ni?"

"Kai ɗin dai."

Na ce mashi ya kwantar da hankalinsa.

Daga ranar ba wanda ya ci abincin Gwaggo bai ji labari ba. Direbobi, 'yan canji, masu dakon kaya, har makiyayan da ke shigowa sayen gishiri. In ka ce "ma sha Allah" da ƙarfi, ana ƙara maka miya. Wanda ya fi shan labarin wani direba ne ɗan Maraɗi mai ƙaramar mota. Ya fi shekara ashirin yana cin abincinta, kuma ba ranar da ba su yi faɗa a kan girman nama ba. Shi ya ce mata Hajiya, ita ta ce mashi ɗan Faranshi.

Fim ya fito ana gobe kasuwa. Kafin azahar ya shigo guruf. Wallahi na riƙe alkawarin nan, na riƙe shi tun daga azahar har bayan la'asar. Mutum na farko ya tambaya na ce babu. Na biyu na ce babu. Na shida ya ce to bari ya duba teburin gaba. A nan zuciyata ta fara yi mani wa'azi: ai in ban tura ba wani zai tura, kuma talla ce zan yi wa taubashina, gobe duk Maraɗi ta san fuskarsa. Na sauke, na ɗora tambari, sannan na matse, na datse. Laftof ta fara kukan ba wuri, na goge na asalin na bar nawa. Na ɗan ja fim ɗin da yatsa ina neman sa, ban gan shi ba, na ce wataƙila na wuce wurin. Mu masu turi ba mu zama kallon fim, farko kawai muke dubawa mu ji ko da sauti. Ranar kasuwar nan na tura shi har wayar turin ta yi zafi. Gwaggo na can cikin hayaƙi, ba ta san me ake ciki ba, tana jiran a huce hidimar kasuwa in saya mata na gaskiya.

Kwana biyu a tsakani sai ga ɗan Maraɗi ya zauna a benci yana murmushi.

"Hajiya, mun kalli fim ɗin ɗanki."

"Kar ka ba ni labari, ɗan Faranshi. Ni na halak nake jira."

"Ai babu labarin da za ni ba ki. Sau ukku munka kalle shi a tashar Maraɗi, mu goma bisa salula guda. Ba mu gan shi ba."

"Idonka ne ya mutu."

"Har cikin masu wucewa munka duba. Akwai wani mai irin ƙeyarshi, da ya juyo, tsoho ne."

Rumfa ta ɗauki dariya. Wani ya ce shi ma bai gan shi ba. Wani ya ce wataƙila shi ne ya riƙe fitilar da ta haska jarumin, ai wannan ma fitowa ce. Kafin yamma magana ta zaga Magama cewa yaron nan ƙarya yake shara wa uwarsa. Wata maƙwabciya mai sayar da goro har takowa ta yi, ta dafa kafaɗar Gwaggo, ta ce ta yi haƙuri, haka yaran yanzu suke in sun shiga birni.

Ban taɓa ganin Gwaggo ta yi shiru irin na ranar ba. Tana zuba abinci ba ta kallon fuskar kowa. Ɗan Maraɗi ya yi ƙorafin nama, ta ƙara mashi ba tare da ta tanka ba, shi kansa sai ya tsargu. Ta kira ɗanta, wannan karon ba ta ce a buɗe murya ba, amma ina kusa, ina ji yana rantsuwa yana cikin fim ɗin, wajen tsakiya. Ya tambaya a ina mutanen suka samu suka kalla. Ta ce ita ina ta sani. Ni kuwa na duƙa ƙarƙashin tebur ina neman wata cajar da ba ta ɓata ba.

Na karɓi wayar ɗan Maraɗi in ga irin wanda suka kalla. Nawa ne! Koren allona na tasowa, a kansa wani ya ɗora shuɗi, a kan shuɗin kuma wani a Maraɗi ya ɗora ja da Faransanci, amma muryata na nan tana kiran mutane bakin boda. Abin da ya fara zuwa mani fushi ne, wato ƙiri-ƙiri an sace mani aiki. Sai daga baya na tuna abin da nake nema. Na sake jan fim ɗin daga farko zuwa ƙarshe, in na zo wajen tambarina in tsallake tunda na haddace shi. Ba taubashi. Na koma guruf in ɗauko na asalin, an goge shi. Wato duk wanda ya kalli fim ɗin nan daga Jibiya zuwa Maraɗi, jikan nawa ya kalla.

Washegari da safe Gwaggo ta tsaya a kaina.

"Tashi ka saya mani na gaskiyar. Yau nake so in san ko ɗana maƙaryaci ne."

Na ce ai minti biyar ne. Ni da na koya wa kaina ɗora tambari, sayen fim ne zai gagare ni? Na sauke manhajar da layin Nijar, na buɗe, na nemo fim ɗin, na latsa. Ta rubuto da Turanci wai ba a kallon wannan a ƙasarmu.

"Wace ƙasar?" in ji Gwaggo.

"Ta ɗauka muna Nijar, saboda layin."

"Gaya mata ni a Jibiya aka yanke mani cibiya."

Ɗan Maraɗi, da ya zo karyawa, ya ajiye cokali ya ce, "Barka da zuwa, Hajiya. Salula ta shaida, kin zama tamu."

Na koma layinmu. Wani ɗan zobe ya fito tsakiyar waya yana juyawa, yana juyawa. Gwaggo ta tambaya ko fim ɗin ne ya fara. Da ƙyar muka kai wajen biya. Gwaggo ta kwance bakin zane ta fito da kuɗinta ta miƙa wa wayar.

"Ga shi. Ta ina ake sawa?"

Na ce katin banki take so. Gwaggo ba ta da shi, ɗan Maraɗi nasa na can ne, manhajar ba ta san shi ba. Na sa nawa. Sai aka ce banki zai aiko mani da lamba ta saƙo, in shigar kafin minti kaɗan. Na fita bakin titi na ɗaga waya. Shiru. Lokaci ya ƙare. Na sake, ya ƙare. Na sake. Sai da na dawo na zauna, saƙonnin uku suka shigo a tare, duk sun mutu.

Ka ga abin da ke ba ni haushi ke nan har yau. Na sata, miƙo waya, ungo. Na halak kuwa ga mace tsaye da kuɗinta a hannu tana roƙo a karɓa, an ce ba 'yar ƙasa ba ce.

Ɗan Maraɗi ya share baki ya ce, "Ku taso in kai ku cikin gari inda rezonku, sabis ɗin naku, ke da rai. Kyauta. So nike in ga ƙarshen wagga magana da idona."

Gwaggo ta rufe tukwanenta da tsakar rana, abin da ko ranar da iska ta yaye rumfar ba ta yi ba. Ta yafa gyalen zuwa biki ta shiga gaban mota. Muka shiga Jibiya, muka tsaya ƙarƙashin wata bishiyar bedi a bayan tasha, kusa da ƙarfen sabis. A nan lamba ta shigo tun ban sauke hannu ba. Kuɗi ya fita, fim ya buɗe. Na jingina wayar a gaban mota, ni ina baya na zuro kai tsakaninsu.

Na ce bari in ja zuwa tsakiya. Gwaggo ta buge mani hannu.

"Mun biya. Daga bisimilla za mu kalla."

Har rubuce-rubucen farkon da nake datsewa sai da muka kalla. Hoton kuwa tas, ni kaina na sha mamaki. Ɗan Maraɗi ya matso ya ce, "Ashe Alhajin nan tabarau gare shi? Mu mun ɗauka kumburin ido ne."

Da aka yi minti ashirin ya waiwayo ya dube ni.

"Ina tallarka? Nan take fitowa."

"Wace talla?" in ji Gwaggo.

Na ce, "Gwaggo kalli, za su yi faɗa."

Ta dube ni ta madubi. Daga nan gumi ya fara tsatso mani, kuma ba zafin rana ba ne. Na daina kallon fim ɗin, na koma kallon lambobin da ke ƙirga lokaci a ƙasa. Talatin da biyar. Talatin da takwas. Alhajin fim ɗin yana tuƙi, tayarsa ta yi faci, ya gangara gefen titi. Talatin da tara. Ya fito ya tsaya yana kallon ƙasa. Arba'in cif, daidai inda koren allona ke tasowa, sai ga mai faci tsugune a gindin taya, ya cika rabin hoton na ƙasa. Ya ɗago kai. Taubashina ne, da kunnuwan nan nasa irin na gidanmu. Ya dubi Alhaji ya ce, "Ranka ya daɗe, tayar nan ta gama aikinta a duniya." Alhaji ya gyaɗa kai ya ce, "To na ji, nawa zan biya?" Aka wuce wani wuri.

Gwaggo ta yi wata guɗa da sai da 'yan tasha suka leƙo. Tana dariya tana share hawaye da gyale.

Ɗan Maraɗi ya riƙe baki, ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ni.

"Wallahi ni dama na yi mamaki. Sau ukku ina ganin Alhajin ga ya tsaya shina kallon tallarka, ya gyaɗa kai, ya ce nawa zai biya. Na ce kai, yaron Hajiya mai turi ya yi nisa, har 'yan fim na son turinshi."

Ba sai na yi bayani ba. Gwaggo ta gane komai. Ta dube ni ta madubin nan na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Mayar baya." Ita da ta hana a ja gaba, sau tara ta sa na mayar. Ɗan Maraɗi duk dawowa sai ya duba tayar ya ce gaskiya yaron ya faɗa, ta mutu. Muka kalli sauran har ƙarshe. Da rubutun ƙarshe ya fara hawa, wanda nake yankewa in zubar, na ga sunansa can ƙasa, na tsayar. Gwaggo ba ta karatun boko. Ta ce in ɗora yatsanta a kai, na ɗora, ta bar shi a wurin har wayar ta yi duhu.

A hanyar komawa na ce, don in wanke kaina, bari in naɗo wurin kawai in tura wa mutane su gani.

"Wata satar kuma?"

Na mayar da wayar aljihu. Manhajar ma ba ta yarda, baƙi take nunawa in ka gwada. Kwana biyu kawai aka ba mu na kallo, a waya ɗaya, kuma sai inda sabis ke da ƙarfi. Gwaggo ta tambaye ni sau biyu ta tabbatar, kwana biyu. Sannan ta yanke hukunci. Duk wanda ya yi dariya a rumfarta, ni zan ɗauke shi a mashin in kai shi gindin bedin nan ya gani da idonsa. Ta riƙe sunayensu kaf. Mai goro ce ta farko.

Kwana biyu teburina a rufe, ina jigila tsakanin Magama da Jibiya a mashin ɗin aro. In kai mutum, in ja zuwa minti arba'in, ya gani, ya ce "Allah sarki, shi ne," in mayar da shi ya je ya faɗa wa Gwaggo da bakinsa. Wasu ma ba su yi dariyar ba, hawan mashin suke so. Maraɗi kuwa direban ya ce a bar mashi, shi ne shaida.

Kiran taubashina ne ya fi wuya. Gwaggo ta buga ta miƙo mani. Na faɗa mashi komai. Na jira ya zage ni mu yi dariya kamar kullum. Bai zage ni ba, sai ya ce, "Shekara uku ina haska fuskar wasu. Rana ɗaya aka haska tawa." Ya kashe. Sai da aka yi kusan wata kafin ya sake ɗaga wayata, kuma tun daga nan bai ƙara ce mani mai turi ba, sai mai allo.

Ba zan yi maka ƙarya in ce na daina turi ba, da shi nake ci. Allon dai na cire shi, da muryar. Kuma na rubuta wa masu manhajar nan dogon saƙo, na zayyana masu komai. Na ce su bari a biya da katin waya ko a hannu a wurin irina, su bari mutum ya sauke inda sabis yake ya je gida ya kalla, su kuma daina tambayar mutumin Magama ƙasarsa. Na ce direbobin nan da suke gani, da za a sauƙaƙa masu, da yawa za su biya, ko don su ga tabarau a matsayin tabarau. Na ce ni zan zama wakilinsu a boda, ina da tebur, ina da laftof. Ba su amsa ba tukuna. Kullum ina dubawa, da layi biyun.

Gwaggo ba ta kore ni daga rumfa ba, ba ta kuma sake tayar da maganar ba. Ranar da na buɗe tebur, da azahar ta yi, ta miƙo mani kwanona kamar yadda ta saba. Na juya shinkafar, na duba ƙasa, na duba gefe.

"Gwaggo, ba nama."

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Yana ciki. Allo ne ya rufe shi."

Ɗan Maraɗi na gefe da yanka huɗu a gabansa, ya ce shi shaida ne, ya gani da idonsa sadda aka sa.